Yadda ake zaɓen mariƙin gaba da ba ya taɓa bututun bindiga

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, kuma ina haɗa bindigata ta farko samfurin AR-15 domin harbin bara a fili da kuma shiga ƙananan gasanni na ƙarshen mako. Bututun da na saya inci 16 ne, na harsashi 5.56, tsarin gas ɗinsa matsakaici. Abin da ya rage mini shi ne mariƙin gaba. Kowa yana ce mini in sayi irin wanda ake kira free-float, amma da na duba kasuwa na ga na dala 40, na ga na sama da dala 300, kuma a hoto duk kamarsu ɗaya. Shin da gaske yana ƙara wa bindiga saiti? Wane tsawo ya dace da ni, kuma me zan duba kafin in biya kuɗi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka da kyau, kana son sanin ko wannan mariƙi yana da amfanin da ake faɗa, sannan kana son sanin abin da ya raba mai arha da mai tsada tun da ido ba ya ganin bambancin, sai kuma tsawon da zai dace da bututun da ke hannunka. Shawarata a taƙaice ita ce ka fara dubawa daga gindin mariƙin, wato daga notin da ke riƙe da shi da kuma yadda aka ɗaure shi a kan notin, domin a nan ne kusan duk ingancin da kake biya wa kuɗi yake ɓoye. Yawancin masu sayen farko suna farawa ne daga tsawo da fasali da launi, sai bayan sun ɗaura su gane cewa abin da hoto bai nuna musu ba shi ya fi muhimmanci.

Abin da ya sa aka raba mariƙi da bututu

Eugene Stoner da abokan aikinsa a kamfanin ArmaLite ne suka tsara AR-15 a ƙarshen shekarun 1950, kafin Colt ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1959. A tsarin asali, mariƙin gaba ɓari biyu ne na roba mai tauri, kuma ana maƙale su tsakanin wani zobe mai sifirin a baya da wani murfin ƙarfe a gaba, dab da hasumiyar saitin gaba. Wannan murfi da hasumiyar duk a jikin bututu suke zaune, haka nan ƙugiyar maratayi ta gaba. Ma'anar wannan ita ce duk ƙarfin da hannun mai harbi ya sa wa mariƙin, da duk jan da maratayi ya yi, da duk nauyin da bindiga ta sauke lokacin da aka jingina ta a kan wani abu, kai tsaye suke wucewa zuwa ga bututun.

Mutum zai iya cewa ai ƙarfe ne, ina hannu zai lanƙwasa shi? Lissafi ne zai ba da amsa. Masu harbi suna auna karkata da ma'aunin da ake kira MOA, wanda ya kai inci 1.047 a nisan yadi 100. Idan aka ɗauki tsawon inci 20, motsin da bai kai inci 0.006 ba a ƙarshen wannan tsawo ya isa ya kawo karkatar MOA ɗaya, wato abin da bai kai kaurin takardar rubutu biyu ba. A yadi 300 wannan ya haura inci uku. Bututu mai matsakaicin kauri kuwa yana iya yin irin wannan motsi da ƙarfin da bai taka kara ya karya ba. Bayan haka, duk lokacin da harsashi ya tashi bututun yana yin rawa, kuma abin da ake so shi ne ya yi rawar iri ɗaya a kowane harbi. Idan yau an danne shi daga ƙasa, gobe an ja shi daga gefe, rawar ta canza, inda harsashi yake sauka shi ma ya canza.

Waɗanda suka fi kowa jin wannan a jikinsu su ne masu gasar bindigar soja irin wadda ake yi a Camp Perry da ke jihar Ohio, domin suna ɗaure maratayi a damtse su ja shi da ƙarfi ƙwarai a zaune da kwance. Da yake ƙa'idar gasar ta daɗe tana buƙatar bindiga ta riƙe kamanninta na soja, sai suka riƙa ɓoye wani fayif na ƙarfe a ƙarƙashin mariƙin roba, su mayar da ƙugiyar maratayi kansa, ta yadda jan zai koma kan gangar bindiga, wato babban jikinta da ake ɗaura bututu a kai, bututu ya zauna babu mai taɓa shi. Mariƙin da kake tambaya a kai wannan tunani ne aka fito da shi fili: yana kama notin bututu a baya kaɗai, daga nan har ƙarshensa akwai sarari tsakaninsa da bututun.

To, yana ƙara saiti? Amsar tana buƙatar a yi ta da hankali. Idan bututunka ba mai kyau ba ne, ko harsashin da kake sayen mai arha ne irin na horo mai nauyin giren 55 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), wanda ba kasafai yake tara harbi a ƙasa da inci biyu a yadi 100 ba, canza mariƙi ba zai gyara wannan ba. Idan ka zauna a teburin harbi ka ɗora bindiga a kan jakar yashi a wuri ɗaya kullum, wataƙila bambancin da za ka gani kaɗan ne. Ribar tana fitowa ne idan ka tashi daga teburin: ka harba a kwance da ƙafafun jingina, ka harba a durƙushe kana jan maratayi, ka jingina a kan shinge a wajen gasa, kuma duk harsasan su sauka a wuri ɗaya da inda ka daidaita saitinka. Tun da ka ce za ka shiga gasa, wannan ribar taka ce kai tsaye, saboda haka waɗanda suka ba ka shawara sun yi daidai.

Akwai abubuwa biyu da masu talla ba su cika faɗa ba. Na farko, rabuwar ba cikakkiya ba ce, domin notin da mariƙin yake zaune a kai shi ne kuma yake matse gindin bututu a cikin gangar sama. Idan aka danna dogon mariƙi da ƙarfi daga can ƙarshensa, bakin gangar yana iya ɗan motsawa, bututun ya bi shi, ko da yake motsin bai kai na tsohon tsari ba. Wannan ne ya sa wasu kamfanoni, kamar LMT, suke ƙera ganga da mariƙi daga ƙarfe guda. Na biyu, duk abin saiti da ka ɗora a kan mariƙin, kamar saitin ƙarfe na gaba ko leza, yanzu tare da mariƙin zai riƙa motsi, bututu kuwa yana tsaye. Idan mariƙin mai laushi ne, ka ceci bututu daga lanƙwasa amma ka mayar da matsalar kan saitinka.

Noti da yadda ake ɗaure mariƙi a kansa

Kusan kowane mariƙi irin wannan yana zuwa da notinsa na musamman, kuma ba a musayar na wani kamfani da na wani. Abu na farko da nake dubawa idan aka kawo mini sabon mariƙi shi ne tsawon notin, domin noti mai tsawo yana ba mariƙin wuri mai faɗi da zai kama, gajere kuwa yana barin dogon mariƙi ya riƙa lilo a kan ɗan ƙaramin tushe. Abu na biyu shi ne abin da ke hana mariƙin zamewa gaba. Nau'in da ya fi yawa a kasuwa yana da tsaga a ƙasa, ana matse ta da sukuru biyu ko uku har ta kama notin. Idan matsin kaɗai ke riƙe da shi, akwai hatsari, saboda alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe yake buɗewa. Bayan harbi mai yawa a jere, mariƙin alminiyam da ke kan notin ƙarfe yana iya sassautawa, bugun bindiga kuma ya riƙa tura shi gaba kaɗan-kaɗan. Masu kyau suna da rami da aka yanka a kewayen notin, sukurun da ke ratsawa ta gefe ko wani ɗan makulli ya faɗa cikinsa, ta yadda ko matsin ya ragu mariƙin ba shi da hanyar fita. Geissele da BCM suna cikin waɗanda aka sani da tsari mai kulle irin wannan, kowa da salonsa. Aero Precision yana da samfurin ATLAS mai matsewa da ƙarafa masu tsini da ke shiga daga gefe biyu, RIS II na Daniel Defense kuwa ana ɗaure shi ne da sukurori a jikin wani faranti da ke bayan notin.

Akwai kuma nau'in da ake ɗaure sukurorinsa kai tsaye cikin ramukan da ke jikin notin. Yana riƙewa da kyau, amma yana da wahala guda: dole ramukan su tsaya daidai da saman ganga a daidai lokacin da notin ya kai ƙarfin ɗaurin da ake so, in ba haka ba mariƙin ya fito a karkace. Ana gyara wannan da siraran zobban ƙarfe da ake sakawa a bayan noti, ana ɗaurawa ana kwancewa har ya yi daidai. Ga mai haɗa bindigar farko, ina ganin ya fi sauƙi ya zaɓi noti siriri wanda fayif ɗin gas, wato siririn fayif da ke mayar da iskar harbi daga bututu zuwa ganga, yake wucewa ta samansa kuma ba ya buƙatar wannan daidaitawar ko kaɗan.

Ka duba kuma 'yan kunnuwan da ke bayan mariƙin, waɗanda suke kama gefen ganga biyu don hana shi juyawa. An auna su ne da faɗin gangar da aka saba, irin ta soja. Idan gangarka irin wadda aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyam ce mai faɗin kafaɗa, sau da yawa kunnuwan ba sa shiga, sai dai a goge su ko a mayar da kaya. Ba ka faɗi irin gangar da kake da ita ba, don haka wannan abu ne da za ka tabbatar da kanka kafin ka biya.

Game da ɗaurin kansa, bayan ka tabbatar babu harsashi a bindiga kuma ka raba gangar sama da ta ƙasa, notin soja na asali ana ɗaure shi ne tsakanin ft-lb 30 zuwa 80 (ft-lb ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), da giris mai sinadarin molibdenam a kan zaren, kuma an saba a ɗaure a sassauta har sau uku kafin ɗaurin ƙarshe domin zaren ya zauna. Notin da ya zo da mariƙinka yana iya samun nasa adadin, kuma takardar kamfanin ce abin bi. Kana buƙatar sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, da abin da zai riƙe ganga ko bututu a mamatsin teburin aiki ba tare da an murɗe gangar ba. Kada ka sa gam ɗin kulle zare a kan notin bututu. Ni na fi son notin baƙin ƙarfe a kan na alminiyam duk da ya fi nauyi, domin haƙoransa ba sa cinyewa idan sifana ta zame, kuma nauyin da ya ƙara yana kusa da jikinka, inda hannu ba ya jin sa sosai.

Abin da ke cikin mariƙin

A tsarin gas matsakaici irin naka, gidan gas, wato ɗan ƙarfen da ke kan bututu yana tura iskar harbi cikin fayif ɗin gas, yana zaune ne a wajen inci 9 daga ganga, na gajeren tsari a wajen inci 7, na dogo kuma a wajen inci 12. Duk mariƙin da ya wuce wannan wuri zai rufe gidan gas ɗin, saboda haka kana buƙatar ƙaramin gidan gas wanda ba shi da hasumiya, kuma ramin cikinsa ya dace da kaurin bututunka a wannan gaɓa, wanda a yawancin bututai inci 0.750 ne, a sirara kuma 0.625. Siraran mariƙan zamani faɗin cikinsu yana farawa daga wajen inci 1.3, kuma ba kowane gidan gas ne yake samun wuri a ciki ba. Waɗanda ake matsewa da sukurori ta gefe sun fi kumburi a ƙasa, waɗanda ake iya daidaita yawan gas ɗinsu kuma sukan fi girma, sannan dole ka iya kai makulli ga sukurun daidaitawar ta bakin mariƙin. Shigar gidan gas cikin mariƙi ba ta wadatar ba, ana son ya samu sarari a kowane gefe, domin bututu yana rawa lokacin harbi, mariƙi kuma yana ɗan lanƙwasawa idan an danna shi.

An taɓa kawo mini bindigar da mai ita ya kashe kuɗi sosai a kanta, yana kukan cewa a kan jakar yashi tana tara harbi da kyau, amma da zarar ya kwanta da ƙafafun jingina sai harsasan su haura sama su watse. Da na zare mariƙin, a ƙasan gidan gas akwai wani ɗan tabo mai ƙyalli inda baƙin fenti ya goge, kuma kan sukurun da ya ɗaure mazaunin ƙafafun da shi ya yi sumul. Sukurun ya yi tsawo, ya leƙa cikin mariƙin, ya tsaya dab da gidan gas ɗin, ta yadda duk lokacin da aka danna bindiga ƙasa sai ya tokare shi. Mayar da mazaunin rami ɗaya gaba shi ne duk gyaran da aka yi. Tun da haka abin yake, duk lokacin da ka ɗaura sabon abu a mariƙi, ka zura tsinken takarda mai ɗan kauri ta ramukan ka zagaya da ita kewayen gidan gas, sannan ka sa wani ya danna ƙarshen mariƙin sama da gefe kana sake gwadawa. Idan takardar ta maƙale, akwai abin da ke taɓawa.

Tsawo

Ana auna tsawon bututu ne daga fuskar abin da ke kulle harsashi a baya, kuma wani ɓangarensa yana cikin ganga, wani ɓangaren kuma zaren baki ne. Don haka mariƙi mai inci 15 a kan bututu mai inci 16 yana kaiwa kusan wuyan bakin bindiga. Masu gasa da yawa suna son haka, domin yana ba hannu damar miƙewa, yana kai ƙafafun jingina can gaba inda suka fi daidaita bindiga, kuma idan mutum ya yi gaggawar jingina a kan shinge, mariƙi ne zai taɓa shingen, bututu ba zai taɓa ba. Amma yana da farashinsa. Nauyinsa yana can gaba inda ya fi gajiyar da hannu, ya fi gajere saurin lanƙwasa, kuma yana iya hana sifana kama abin da aka ɗaura a bakin bindiga, ko ya ci karo da wuyan salansa, wato abin rage ƙarar harbi, idan wata rana ka bi hanyar doka ka mallaki ɗaya. Abin da ba a yarda da shi ba ko kaɗan shi ne ramukan fitar wuta na abin da ke bakin bindiga su kasance a cikin mariƙi, domin iskar da ke fita tana iya fasa alminiyam, kuma hannunka yana wurin.

Ga bindiga irin taka, ni inci 13 zuwa 13.5 nake fara ba mutum shawara. Ya rufe gidan gas da rata mai kyau, ya bar wurin tocila da maratayi da ƙafafu, kuma ya bar bakin bindiga a sarari don aiki. Idan kai dogo ne mai dogon hannu, ko ka san yawancin gasar da za ka shiga ta jingina a kan shinge ce, to inci 15 ya dace, amma a wannan tsawo ingancin noti ya ƙara zama dole. Kafin ka yanke shawara, ka je filin harbin da kake zuwa ka nemi izinin riƙe bindigogin abokan harbi masu tsawo daban-daban, ka lura da inda hannunka yake tsayawa da kansa. Idan hannun yana tsayawa a inci 10 ko 11, sauran tsawon nauyi ne kawai za ka riƙa ɗauka.

Ramukan ɗaura kaya da ƙarfen da aka yi amfani da shi

A nan zaɓin ya yi sauƙi. Layin Picatinny, wato layi mai haƙora da ake ɗaura kaya a kai, wanda sojan Amurka ya tsayar da ma'auninsa a 1995 da lambar MIL-STD-1913, shi ne ke saman gangarka, kuma yana da kyau ya ci gaba a saman mariƙin. Mariƙai masu wannan layi a duk gefe huɗu suna da ƙarfi ƙwarai kuma ba sa saurin lanƙwasa, sai dai suna da nauyi da kauri, kuma suna cin tafin hannu. Daga baya aka samu tsarin ramukan ɗaura kaya a jikin mariƙin kansa iri biyu: KeyMod ya fito a 2012, kamfanin Magpul kuma ya fito da M-LOK a 2014. A 2017 aka bayyana sakamakon gwajin da cibiyar sojan ruwa ta Crane da ke jihar Indiana ta yi wa rundunar ayyuka na musamman, inda M-LOK ya fi KeyMod riƙe kaya bayan faɗuwa da kuma komawa daidai idan an cire an mayar. Daga nan kasuwa ta karkata, kuma yau kayan ɗaurawa na M-LOK sun fi samuwa nesa ba kusa ba. Ka ɗauki M-LOK. Magpul ya ba da ƙarfin ɗaurin sukurorinsa in-lb 35 idan ƙarfe ne a kan ƙarfe, 15 kuma idan akwai roba a ciki, kuma ka lura cewa wannan ma'aunin inci ne, ba irin na notin bututu ba. Layin Arca da aka aro daga masu ɗaukar hoto yana da amfani ga masu harbin nesa a kan ƙafafu uku, amma ba ka buƙatarsa yanzu, kuma ana iya ɗaura guntunsa a kan M-LOK daga baya.

Madubin saitinka kuwa ya zauna gaba ɗaya a kan ganga. Kada ƙafa ɗaya ta mazauninsa ta hau mariƙi ɗaya kuma tana kan ganga, ko da layin biyu sun yi kama da sun haɗu sumul, domin abubuwa biyu ne da ke motsi daban. Idan kana buƙatar madubin ya matsa gaba, akwai mazauni mai miƙa wuya da aka yi domin haka.

Yawancin mariƙai ana yin su ne da alminiyam 6061-T6, wasu kuma da 7075-T6, wanda masu talla suke yawan ɗaga murya a kansa. Gaskiya ne 7075 ya fi jure bugu kafin ya lotsa, amma wajen ƙin lanƙwasa a ƙarƙashin ƙaramin nauyi kusan ɗaya suke. Abin da ke sa mariƙi ya yi tauri shi ne kaurin bangonsa da siffarsa da yawan ramukan da aka huda masa. Saboda haka mariƙin da aka rarake shi ko'ina don ya yi sauƙi zai fi lanƙwasa, ko da wane alminiyam aka yi shi. Idan kana kwatanta nauyi, ka tabbatar ko adadin da aka rubuta ya haɗa da noti da sukurori, domin wasu suna cire su daga lissafi. Na zaren kabon ba su da nauyi kuma ba sa saurin kai zafi ga hannu, amma suna da tsada kuma sukan tsage a inda alminiyam zai lotsa kawai. Zafi kuwa za ka ji shi a Texas ko ba ka harba ba, domin baƙin alminiyam da aka ajiye a rana yana ƙona hannu, sai ka tanadi safar hannu ko 'yan murafan roba da ake toshe ramukan da su.

Dala 40 da dala 300

Abin da na saba gani a jikin mariƙai masu arha ƙwarai shi ne zaren noti mai sako-sako, da sukurori masu laushi da kansu ke cinyewa tun ɗaurin farko, da layin sama da bai daidaita da na ganga ba, da ramukan M-LOK da ba a yanka su bisa ma'auni ba, wani ya yi faɗi wani ya matse. Akwai kuma na jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, wasunsu ma don bindigar wasa mai harba ƙwallon roba aka yi su, kuma suna yawo a manyan kasuwannin intanet. Idan ka ga suna babba da farashin da bai kai rabin na dillalan kamfanin ba, ka bar shi. A ɗaya ɓangaren, mafi tsada irin su RIS II da MK16 na Geissele, waɗanda rundunonin musamman na Amurka suka yi amfani da su, an yi su ne don su riƙe saitin leza bayan faɗuwa da dukan aiki mai tsanani. Kai da madubinka yake kan ganga, kuma abin da ke kan mariƙinka bai wuce maratayi da tocila da ƙafafu ba, matsakaicin farashi daga kamfanin da aka sani, irin Midwest Industries ko Aero Precision ko BCM, ya ishe ka. Ragowar kuɗin ya fi amfani a harsashi mai kyau da sifanar auna ɗauri.

Duk abin da na faɗa ya shafi AR-15 ne. Manyan samfurori masu harsashi .308 suna da zaren noti daban da tsayin layin sama daban-daban, kuma kayansu ba sa shiga naka. Ban kuma ga gangarka da gidan gas ɗinka da idona ba, don haka ma'aunin da kamfanonin suka rubuta shi za ka haɗa da juna, in kuma kana da shakka ka kai wa maƙerin bindiga na kusa da kai ya ɗaura maka. Ta fuskar doka, bututunka mai inci 16 ya cika mafi ƙarancin tsawon da dokar tarayya ta NFA ta tanada wa bindigar kafaɗa da ba ta buƙatar rajista ta musamman, amma jihohi irin su California da New York da Illinois suna da ƙa'idoji masu tsauri da suka sha bamban da na Texas, sai ka bincika kafin ka ƙaura ko ka yi tafiya da ita. Fitar da sassan bindiga daga Amurka yana ƙarƙashin dokar lasisi, don haka kada wani daga gida ya roƙe ka ka saka masa ko da ƙaramin sashe a jakar tafiya.

Bayan ka ɗaura, ka ja ɗan layi da alƙalamin fenti daga kan kowane sukuru zuwa jikin mariƙin, ka ja wani a inda mariƙi ya haɗu da ganga, domin idan wani abu ya motsa layin zai nuna maka. A filin harbi, da harsashi iri ɗaya kuma a yadi 100, ka harba biyar a kan jakar yashi, biyar da ƙafafun jingina kana danna su gaba, biyar kuma kana jan maratayi, kowane rukuni a kan takardarsa. Tsakiyar rukunonin uku za ka kwatanta, faɗinsu ba shi ne abin dubawa a wannan gwaji ba. Idan ɗaya ya kauce daga sauran da abin da ya fi faɗin rukunin kansa, ka fara da gwajin takarda a kewayen gidan gas, sannan ka duba sukurorin mariƙin, daga ƙarshe ka koma kan ɗaurin notin bututu.